Yadda Ake Haɗa Man Shafawa, Sabulun Wanka da Kayan Gyaran Gashi a Gida

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa wajen ƙarshen Nuwamba, sai ƙafafun yara su yi fari fat, leɓɓa su tsage, dugadugan manya su fara faso. A lokacin ne kuma robar man kanti ke ƙarewa kafin a ankara, musamman a gidan da ake da yawa. Alhali yawancin abin da jiki ke nema kullum, wato mai, sabulu, abin wanke kai da abin kashe warin hammata, ana iya haɗa shi a tsakar gida da kayan da ke gaban 'yan koli da masu kayan miya. A Kano, zagaye ɗaya a Kasuwar Kurmi ko ta Rimi ya isa ki haɗa komai. A ƙauye ma ranar kasuwa ba za ki rasa man kaɗanya, sabulun salo, karkashi da alimun ba.

Kayan aiki ba su da yawa: tukunya, kwanon silba da zai zauna a bakinta, ƙyallen auduga mai tsafta na tata, sabon maburgi wanda bai taɓa shiga miya ba, turmi, da mazubai masu murfi. Ma'auninmu gwangwanin madara ne, da babban cokali, da ƙaramin cokalin shayi. Ki riƙe gwangwani ɗaya ki riƙa awo da shi, domin ranar da haɗi ya yi kyau za ki so ki maimaita shi daidai, ranar da ya ɓaci kuma za ki so ki san abin da ya yi yawa.

Doka ɗaya ce ke bin duk abin da zan faɗa, ita ce ta ruwa. Man kanti yana daɗewa ne saboda masana'anta na zuba masa sinadarin hana lalacewa. Namu babu. Saboda haka duk haɗin da mai ne zalla, ko busasshen gari ne zalla, zai yi watanni. Duk wanda ruwa ya shiga, ko madara, ko ɗanyen ganye, ko ruwan albasa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, ƙwayoyin cuta da fumfuna za su kama shi tun ido bai gani ba. Don haka mazubi ya bushe ƙarau kafin a zuba komai: ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki kife shi a rana. Robar da ta taɓa ɗaukar man bilicin kuwa kada ki sake amfani da ita, ki yar.

Kowane sabon haɗi ki fara gwada shi a cikin gwiwar hannu, ɗan kaɗan, ki bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Idan wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙananan ƙuraje, jikinki bai karɓa ba, ko da ya karɓi maƙwabciyarki.

Man shafawa na kaɗanya

Rabin aikin a wurin saye yake. Man kaɗanya mai kyau launinsa fari ne mai ɗan duhu, ko ya ɗan ja zuwa ruwan ƙwai, kuma yana da ƙanshinsa na gyaɗar kaɗe da ɗan hayaƙi. Ki laƙato kaɗan ki murza a bayan hannu. Ya kamata ya narke da ɗumin jiki, ya bi fata, ba tare da yashi ko baƙin tsaki ba. Idan kin ji warin tsohon mai mai hawa kai, ya kwana biyu, ki wuce. Idan kin tsaga curin kin ga ruwa yana tsattsafowa, ko ɗigo-ɗigon baƙi ko kore a ciki, an bar masa ruwa don ya yi nauyi, shi ma ki wuce. 'Ya'yan kaɗanya na nuna ne a farkon damina, matan karkara a jihohin Neja, Kwara, Kebbi da Kaduna su tsinto su sarrafa, don haka daga ƙarshen damina ake samun sabon mai. Wadda ta saya tun lokacin ta fi wadda ta jira sanyi ya kankama, kowa ya taso nema.

Ko mai kyau ne sai an tace. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya, ki ɗora a wuta marar ƙarfi, gaushi ma ya isa. Ki yayyanka man a kwanon silba, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar, tururi ne zai narkar da shi. Kada ki ɗora man kai tsaye a kan wuta kamar za ki soya ƙosai, zai yi ƙauri kuma ƙaurin ba ya fita. Idan ya narke duka ya zama garai-garai, babu sauran gudaji ko ɗaya, ki bar shi a kan tururin kamar minti 10, sannan ki tace da ƙyalle cikin busasshen kwano. Ki ajiye shi ya natsu. Duk wani datti da ɗigon ruwa za su kwanta a ƙasa, sai ki tsiyaye na saman a hankali, ki bar na ƙasan. Wannan ragowar ba asara ba ce, tana shafe takalmin fata da ƙotar fatanya.

Yanzu haɗi. Na hunturu: gwangwani 2 na narkakken man kaɗanya, gwangwani 1 na mai mai ruwa. Man zaitun ne idan da hali, ko man riɗi, ko man kwakwa, ko man alayyadi idan ƙanshinsa bai dame ki ba. Ni na fi son riɗi, don yana da araha kuma ba ya daskarewa. Man kwakwa yana daskarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24, shi ya sa wadda ta haɗa da shi zalla takan wayi gari a watan Janairu ta tarar da manta ya yi tauri sai an kankaro da cokali. In shi kike so, ki raba gwangwanin: rabi kwakwa, rabi riɗi ko zaitun.

Na bazara lissafinsa daban ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke kai digiri 40, man kaɗanya da kansa yana saki a cikin ɗaki. Sai ki yi gwangwani 3 na kaɗanya da rabin gwangwani na mai mai ruwa, kuma ki haɗa kaɗan, tunda jiki ba ya shan mai sosai a lokacin.

Ga inda mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Idan aka bar narkakken man kaɗanya ya huce a hankali a kan tebur, sai ya daskare da tsaki-tsaki, ki shafa ki ji kamar da gari a ciki. Dalili shi ne kitsen da ke cikinsa iri-iri ne, wani na riga wani daskarewa, sai na farkon ya dunƙule. Maganin shi ne a sanyaya shi da sauri. Idan akwai wuta ki sa kwanon a firji. Idan babu, ki zaunar da shi cikin babbar roba mai ruwan randa ko ruwan ƙanƙara, kina juyawa, kina kula kada ɗigo ya fantsama ciki. Da sassafe ko bayan isha'i aikin ya fi sauƙi. Za ki ga gefen kwanon ya fara fari, tsakiya kuma ta yi kauri, cokali na barin sawu idan kin ja. To a nan ake bugu.

Ki sa maburgi ki yi ta burgawa, ko abin buga ƙwai in kina da shi, minti 10 zuwa 15. Launin zai ƙara haske, man ya tashi ya yi laushi kamar man shanun da aka kaɗa yanzu. Idan kina son ƙanshi, yanzu ne za ki ɗiga madarar turare, irin mai maiƙo na 'yan kwalabe, ɗigo 10 zuwa 15 ya isa wannan awon. Turaren fesawa ba ya haɗuwa da mai, kada ki ɓata shi. Ki kwashe cikin mazubi, ki rufe. Wanda ya riga ya yi tsaki bai lalace ba, ki sake narkar da shi ki sanyaya da sauri.

Shafawar ma da dabara. Mai ba ya ba fata ruwa, riƙe wanda ke jikinta yake yi. Idan kin fito wanka ki ɗan tsane jiki da tawul, ki shafa tun da sauran danshi. Wadda ta bari ta bushe, ta gama shirya yara, sannan ta shafa, za ta ga maiƙo a sama da fari a ƙasa, ta ce man ba shi da kyau. Mai yawan ƙurajen fuska kada ta kai haɗin da ke da man kwakwa fuskarta, yana toshe ƙofofin fata. Na jarirai kuma ki ware musu tataccen kaɗanya zalla tun kafin ki zuba turare, kuma ba a shafa shi a cibiyar da ba ta warke ba. Abin da aka ba ki a asibiti shi ake sa wa cibiya.

Man leɓe da na kaushi

Wannan tukunya ɗaya ce da ta farko, ƙarin kakin zuma kawai. Masu sayar da zuma suna da shi, wani lokaci ma zubarwa suke yi bayan sun matse saƙar. Ki narkar da shi a kan tururi ki tace, don yakan zo da ƙafafun ƙudan zuma da datti. Awo: babban cokali 1 na kaki, 1 na kaɗanya, 2 na man zaitun ko riɗi. Kakin ne ke daɗewa bai narke ba, shi za ki fara sawa. Idan duk sun haɗe, ki ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi, ki jira minti ɗaya, ki taɓa. In ya yi tauri da yawa ƙara mai, in ya yi ruwa ƙara kaki. Sai ki zuba a ƙananan gwangwanaye tun da zafinsa, ba a buga shi. Kada ki zuba zuma a ciki da sunan ƙarin amfani, ba ta haɗuwa da mai, za ta kwanta a ƙasa ta yi ta tsattsafowa.

Ga mai kaushi da faso, da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 15, ki goge da dutsen goge kaushi ba da mugunta ba, ki tsane, ki cusa wannan man a cikin tsagar, ki sa safa ki kwana. Kullum ake yi har ya rufe, sannan a rage. Reza ba ta da wuri a nan. Mai ciwon suga kuwa, duk tsagar da ta yi ja, ko take ruwa, ko ta ƙi rufewa, asibiti ake kai ta, don ƙaramin ciwon ƙafa ga mai suga yana iya zama babba cikin 'yan kwanaki.

Sabulun salo

Daga ƙasar Yarabawa da Gana yake zuwa mana. Ana yin sa ne da tokar ɓawon koko, wanda ake cakulan da shi, ko na ayaba, a dafa ruwan tokar da man alayyadi ko kaɗanya har ya zama sabulu. Na gaske ba baƙi ƙirin ba ne, ruwan ƙasa ne mai duhu, ga dabbare-dabbare, yana marmashewa a hannu. Wanda kika gani baƙi wuluk, sumul, mai kusurwa huɗu, yawanci sabulun masana'anta ne aka rina.

Yana wanke jiki tas, amma yana da kaifi, musamman sabo. Wasu suna jin raɗaɗin su ɗauka aiki yake yi. Ba aiki ba ne, fata ce ke ƙorafi. Aikinmu shi ne mu rage masa kaifin.

Ki marmashe gwangwani 4 na sabulun, ki tsince tsakuwa da guntun gawayi, ki zuba a turmi mai tsafta. Ba turmin yaji ba, don Allah. Ki daka har ya fara haɗe jikinsa. Ki zuba babban cokali 2 na narkakken man kaɗanya, babban cokali 2 na zuma, da ƙaramin cokali 1 na garin kurkur da aka tankaɗe. Ki ci gaba da kirɓawa. Idan ya ƙi haɗuwa, ki yayyafa tafasasshen ruwan da ya huce, cokali-cokali, har ya yi laushin da za ki iya mulmulawa. Ki cura shi ƙanana, ki jera a faranti a inuwa kwana 3 ya sha iska. Kada ki wuce wannan awon na mai. Idan ya yi yawa sabulun zai daina kumfa, ki yi wanka ki fito da maiƙo.

Ruwan lemun tsami fa? Kusan kowane haɗin sabulu da ake yaɗawa sai an ce a matse lemu biyar ko goma. Ban ga amfaninsa ba. Tsami yana karya sabulu ne, ya mai da wani sashe nasa mai, kumfa ta ragu. Wanda kuma ya shafa ruwan lemun tsami a fata ya fita rana, yana iya samun ƙuna da baƙin tabo mai daɗewa bai goge ba, a ƙasar da rana ba ta hutu. Haka farar wuta da kanwa da ake tulawa ba awo: busar da fata suke yi, su sa ta saɓa.

Wajen wanka ki gutsuro kaɗan, ki murza a tafin hannu ko a soso ya yi kumfa, kumfar za ki kai fuska. Curin kansa ba a goga shi a fuska, tsakin toka yana kartar fata. Kada kumfar ta wuce minti ɗaya a fuska, kuma sau ɗaya a rana ya isa. Mai busasshiyar fata ta riƙa tsallake rana a lokacin hunturu. Sauran curin ki ƙulle a leda ko roba mai murfi, domin sabulun salo yana zuƙar danshi, in aka bar shi a banɗaki zai narke ya malale. Masu son na ruwa su jiƙa gutsure ɗaya a kofin tafasasshen ruwa ya kwana, su tace, amma na sati ɗaya kawai ake yi.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don ita ce ta ɓata sunan haɗin gida. Da yawa daga sabulai da mayukan da ake tallatawa da sunan haɗin gargajiya mai sa haske cikin sati ɗaya, ba kurkur da zuma ne ke wannan aikin ba. Ana matse musu mayukan tub ne na asibiti, irin su kulobetasol da betametason, waɗanda likita ke rubutawa don cutar fata na ɗan lokaci, ko a zuba sinadarin bilicin na haidirokwinon, ko abin da ke da sinadarin makuri, wato zaiba. Farkon abin sai haske. Bayan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore shar, nankarwa ta faso a hannu da cinya, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, ciwo ya riƙa jinkirin warkewa. Makuri kuma ƙoda yake taɓawa. Abin da ya fi ciwo shi ne uwar da ke shafa wa yaranta. Babu abin da ke cikin wannan turmin namu da zai sauya miki launin da Allah ya ba ki. Zai cire datti da matacciyar fata, jiki ya yi sumul ya yi sheƙi, iyakarsa ke nan. Duk wadda ta ce nata zai yi fiye da haka, ki tambaye ta me ta zuba.

Sabulun da ake yi da soda daga tushe ban sa shi a nan ba da gangan. Soda tana cin fata tana makantarwa, sana'a ce da ake koya a gaban wanda ya iya, da safar hannu da ma'aunin nauyi, kuma nesa da yara.

Wanke kai da karkashi da magarya

Karkashin da ake miya da shi, shi ne dai. Yauƙinsa ne ake nema, don yana sa gashi santsi ya warware ba tare da an yi kokawa da mataji ba. Ki zuba babban cokali 2 na busasshen karkashi a kofi 2 na ruwan ɗumi, ki juya, ki bar shi minti 20. Idan ya yi yauƙi ki tace da rariya mai laushi ko ƙyalle. Kada ki yi ƙyuyar tatar nan, in ba haka ba za ki wuni kina tsince ganye a kai.

Karkashi shi kaɗai ba ya cire maiƙo sosai. Idan kan ya kwana biyu a kitso, ya sha mai da ƙura, ki haɗa da ganyen magarya, wanda tun zamanin Manzon Allah (SAW) aka san shi a wanka. Ki shanya ganyen a inuwa, ki daka, ki tankaɗe. Babban cokali 2 a kofin ruwan ɗumi, ki burga da maburgi, za ki ga 'yar kumfa ta taso. Ba za ta kai ta shamfu ba, kuma ba laifi.

Ga tsarin. Ki tsefe kai, ki raba gashin gida huɗu. Ki jiƙa da ruwan ɗumi. Ki zuba ruwan magarya a fatar kai, ki cuɗa da tsokar yatsu ba da farce ba, minti 3 zuwa 5, ki ɗauraye. Sannan ki bi kowane kashi da ruwan karkashi, ki bar shi minti 10, ki fara warwarewa da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga bakin gashi ki gangaro zuwa tushe. Ki ɗauraye, ki tsane da tsohon zane mai laushi, ki shafa mai tun da danshi. Abin da ya rage na ruwan biyu ki zubar a ranar, gobe tsami zai yi.

Man kitso kuma ga mai sauƙi: gwangwani 1 na man riɗi ko kwakwa, babban cokali 2 na hulba, ƙaramin cokali 1 na kanumfari, duk a ɗan daddaka su. Ki ɗora a kan tururi, wuta ƙasa-ƙasa, awa ɗaya, ki sauke ki rufe ya kwana, ki tace. Kanumfari yana da zafi, kada ki ƙara. Kayan kuma su zama busassu. Ɗanyar albasa, ɗanyar citta ko ruwan alobera a cikin mai, waɗannan su ne ke sa kwalba ta yi wari bayan sati.

Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa ita ce gashin mutum yana ƙaruwa ne da kusan santimita 1 a wata, mai ba ya sa shi gudu. Abin da mai ke yi shi ne hana gautsi da karyewa, tsawon da ya fito ya zauna. Wadda gaban goshinta ke cinyewa ta fara duba kitsonta. Idan kin tashi daga gaban mai kitso girarki a ɗage, kin kasa sunkuyawa sujada, to babu man da zai yi maganin wannan, sai dai ki ce mata ta sassauta hannu. Amosani mai naci shi ma ba a danne shi da mai, don ƙwayar da ke haddasa shi mai take ci, shamfun magani ake nema a kemis. Maƙero a kan yaro kuwa maganin sha yake buƙata daga asibiti, shafe-shafe ba ya kai wa tushen gashi.

Garin goge jiki

Dilka ta ainihi, wadda ta zo mana daga Sudan ta hanyar Barno, aikin kwanaki ce, da kwaɓi da turarawa da kayan ƙanshi, gara a bar wa masu gyaran amare. Na yau da kullum ga shi: gwangwani 2 na garin dawa ko na alkama, rabin gwangwani na garin ɓawon lemun zaƙi da aka shanya ya bushe ƙamas, ƙaramin cokali 2 na kurkur. Ki tankaɗe su tare, ki ajiye a busasshiyar kwalba. Ranar da za ki yi, ki ɗebi cokali 3 ki kwaɓa da kindirmo, ko da ruwa da ɗan mai. Ki shafa, ki jira ya fara bushewa, ki murje a hankali ya zubo, ki yi wanka. Sau ɗaya a sati. Ki ɗaura tsohon zane, don kurkur ba ya fita a farin kaya, kuma ki tsallake duk inda ke da ƙurji ko rauni.

Hammata da baki

Alimun da ake kwantar da ruwa da shi yana kashe warin hammata, kuma dunƙule ɗaya sai ya yi watanni. Ki zaɓi fari tas, ki goge kaifinsa a kan dutse da ruwa har ya yi sumul. Bayan wanka ki jiƙa shi, ki goga sau uku ko huɗu, ki bari wurin ya bushe kafin ki sa riga. Ba zai hana gumi gaba ɗaya ba, ƙwayoyin da ke sa gumin wari yake takurawa. Ranar da aka yi aski a ɗaga masa ƙafa, zai yi raɗaɗi. Maigida da samarin gida su ma kowa ya samu nasa dunƙulen, ba a karɓa-karɓa. A ajiye shi inda yara ba za su ɗauka alewa ce ba.

Na baki gajere ne. Asuwaki yana aiki idan ana yanke bakinsa ana sabunta shi, kuma rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi yana kwantar da dasashi idan aka kurkure. Ƙwayar kanumfari ɗaya a baki tana gyara numfashi. Amma gawayi da toka da ake dirza haƙori da su kankare saman haƙorin suke yi, wanda ba ya tsirowa, sai a wayi gari ruwan sanyi ya gagara sha. Man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, yana cikin 'yan abubuwan da ban ga dalilin maye gurbinsu da haɗin gida ba, musamman ga yara. Haka kwalli: na dutse mai ƙyalli yawanci ma'adinin dalma ne, kada a daka shi a gida, kada kuma a sa wa jariri.

Ajiya

Ki manna takarda a jikin kowane mazubi, ki rubuta abin da ke ciki da ranar da kika haɗa. Man shafawa da man kitso wata 4 zuwa 6 a wuri mai sanyi da duhu, ba kan taga ba, ba kusa da murhu ba. Man leɓe yakan fi haka daɗewa saboda kakin. Curin sabulu da garin goge jiki wata 2 zuwa 3 idan ruwa bai taɓa su ba. Babbar robar mai ki ɓoye ta, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali a ƙaramar roba ta sati, don yara da jiƙaƙƙen hannu suke zurawa. Duk wanda ya sauya wari, ya sauya launi, ko ya fito da ɗigon fumfuna, a zubar da shi duka, ba a kwashe saman a ci gaba da na ƙasa. Idan kuma maƙwabta sun fara cewa ki sayar musu, ki fara da rubuta awonki a littafi da faɗa wa mai saye duk abin da ke ciki, kuma kafin kaya su shiga kanti da suna da tambari, sai an yi musu rajista da hukumar NAFDAC.